Ranar da Muka Rufe Bakin Rijiya

Tarwaɗar ce ta fara faɗa mana.
Da asuba ta taso, ta juya mana farin ciki,
ba irin na murna ba.
Sai guga ya fito da bakan gizo a kan ruwa,
shayin Inna Ladidi ya koma warin tasha.

Bayan katangarmu, nan Gwammaja, gidan mai ne.
Tankinsu na kwance cikin ƙasa
yana yoyo, ba mai ji.

Injiniya Baraka ta zo ran Talata
da kwalabe shida masu shuɗin murfi.
Ta zura igiya gaba goma sha ɗaya,
ta sansana, ta ce:
"Kar wanda ya ƙyasta ashana a nan."

Kakana ne ya haƙa ta.
Ga gurbin igiyoyinmu a jikin itacen.

Yau tsakuwa, sai yumɓu, sai siminti.
Kowane shebur, amon na raguwa,
har ta daina amsawa.

Inna ta rataye guga a ƙusa.
Mai garuwa na sallama a zaure.
Na biya,
ban iya tambayar inda ya ɗebo ba.