Makullin Baba Izang

Tun ƙararrawa ba ta farka ba
Baba Izang ya buɗe ƙofar majami'a,
ba don sujada ba, don famfo.

Jarkokin Angwan Rukuba sun ja layi,
rawaya, rawaya, ɗaya baƙa mai toshin leda.
Yaran Malam Sabi'u mai shayi
su ne kullum a gaba.

Kwamiti ya ce a karɓi naira hamsin,
dizal ya yi tsada.
Rabaran ya yi shiru.
Mama Kangyang ta kwance bakin zani,
ta zube cinikin dankalinta a tebur.

Ran Lahadi, muna tsakiyar Zabura,
na ji ruwa yana zuba a bokitin wani
ta bayan taga.
Ban san ko wane ne ba.
Na dai ce amin.