Igiya Mai Tsuwwa

Daga gawar rediyo na ciro muryarta,
rediyon da Mati ya bari a rumfata shekara uku,
bai kawo kuɗin gyara ba, ni ma ban je nema ba.
Waya biyu na tufke kamar igiyar guga,
na ɗaura ƙusa a baki don nauyi,
pil huɗu, ɗigon dalma, ƙunar yatsa biyu.
In bakin wayar ya taɓa ruwa can ƙasa
sai ta yi tsuwwa nan sama,
kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwa.

Ubana Nomau rijiya ya haƙa har baya ya tanƙware.
Shi da gaba yake awo, da kamu, da taƙi.
Ya jefa tsakuwa, ya karkata kunne,
ya ce gaba huɗu, kuma huɗun ne.
Yakan kurɓa, ya juya a baki, ya tofar:
wannan da kanwa, wannan ta sha tsatsa,
wannan a ba baƙo.
Yanzu ido ya tafi, kunne ya tsaya gadi.

Ran Alhamis nake goya shi a babur
mu bar Maraɗi, mu gangara garake.
Gulbi yashi ne zalla, amalanke ke ratsa shi,
injinan ban ruwa na tari tun asuba
kowane da hancinsa cikin ƙasa.
Ina sakin igiya, yana lissafa ƙulli da yatsa,
ina rubutawa a ragowar littafin lakwal na ɗiyata.
Bara war haka, mita tara da rabi.
Bana goma ta wuce, ba ta waiwayo ba.

Tsahara mai zogale ta riƙe ƙugu:
"Igiyar nan taka mayya ce.
Tun da ka fara zuwa ruwa ke gudunmu."
Na ce, "Tiya ba ta cin gero, Tsahara, awo take."
Ta ce, "Tiya a'a. Amma mai awo yana da babban yatsa."
Ubana ya yi dariya har da tari.
Duk da haka ita ke fara tambaya
kafin ta yanke fangali nawa za ta shuka.

Wata Alhamis, tsakiyar bazara,
igiya ta yi tsuwwa a ƙulli na takwas.
Takwas! Na yi kabbara, yara suka rugo,
Tsahara ta fara lissafin albasa.
Tsoho bai motsa ba.
Ya ce, "Jawo ta."
Ya shafa bakin wayar, ya kai hanci,
ya murza tsakanin yatsu:
"Wannan laka ce. Bango ta lasa.
Ƴar taka ba ta san danshi da ruwa ba."
Ya laluba tsakuwa, ya saki.
Muka yi shiru.
Ta daɗe tana tafiya.

Daren nan ban yi barci ba.
Na yanke bututun bik, na sa wa bakin wayar riga,
na huda shi gefe da gefe,
kada ta sake gaisawa da bango a hanya.
Da safe na gwada ta a randa, na gwada a tulu,
matata na kallona kamar mai sabon ciwo.

Muka koma. Shi ya riƙe igiyar wannan karo,
tana zamewa a tafin da ya san kowace rijiyar nan
tun tana ƙasa busasshiya.
Tara. Goma. Shiru.
Sha ɗaya,
sannan tsakon ya yi kuka.

Na rubuta. Ya ji ƙarar takarda, ya ce,
"Sa da gaba ma a gefe. Shida ke nan.
A uku muka tarar da shi, ni da Labo da Ranau,
har ya jiƙa mana wando.
In na isa wurinsu za su tambaye ni,
kuma su ba su san mita ba."