Kuɗin Sallama

Shekara talatin da biyar ina karɓar haihuwa a asibitin Jega.
Ranar da kuɗin sallamata suka faɗo
wayata ta yi tsaki sau ɗaya, kamar tsaka a bango,
kafin la'asar tsakar gida ta cika da masana.

Ƙanena Labbo ko zama bai yi ba.
"Albasa, Yaya. Buhu hamsin daga Aliero,
yanzu da take zube a ƙasa ba mai kallonta.
Ki jira damina kawai."
Na ce, Labbo, bara na leƙa rumfarka tsakiyar damina,
hancina ya riga idona ganin ribar.

Arzika mai shago ya ce fili, can hanyar Kalgo,
wai ƙasa ba ta ruɓewa.
Gaskiya ne.
Amma ciwo in zai tashi, tsakar dare yake zaɓa,
fili kuwa ba ya sayuwa kafin asuba.
Kuma na san wani fili guda mai takarda uku,
masu shi har yau ba sa gaisawa.

Sai wani yaro mai ƙamshin turare da takalmi mai tsini
ya durƙusa har ƙasa, ya kira ni Mama.
Ɗari ta zama ɗari biyu cikin kwana arba'in, in ji shi,
har matar wane ta shiga, har wance ta sayi mota.
Na dube shi yadda nake duban mai ɓoye watan cikinta.
Na ce, yaro, hannun nan ya tari jarirai ba adadi,
ban taɓa ganin cikin kwana arba'in
ya zo duniya yana kuka ba.
Ya sha ruwa, ya tafi.

Da dare jikata Rumasa'u ta matso da wayarta,
ta nuna mini hannun jari:
wani zane mai hawa da gangara, kore da ja.
Na yi dariya. Ai na san wannan,
shi muke ratayewa a ƙafar gadon mai zazzaɓi.
Wanda ya firgita da zafin dare ɗaya
shi ke canza magani ya kashe majinyaci.

Mako uku ban taɓa ko kwabo ba.
Amma na je kasuwa, na ji kuɗin mudun shinkafa,
na gane abin da ke kwance a banki ma ramewa yake,
shiru, ba tari, ba nishi.

Sai na raba.
Shanshera buhu ashirin a ɗakin marigayi, bisa katako.
Tumaki huɗu wajen Inno a Kimba, mu raba 'ya'ya.
Kaso mai kauri na kai sukuk,
shi ba ya gudu, tafiyar mai tsohon ciki yake.
Rumasa'u na ba ta abin da in ya ɓace ba zan kwanta ciwo ba.
Saura na ajiye kusa, inda hannu zai kai cikin duhu.

Tunkiya ɗaya ta ci leda ta mutu.
Ɓera ya karɓi nasa kason a buhu biyu.
Zanen Rumasa'u ya yi ja wata huɗu,
tana zuwa tana cizon yatsa,
ina ce mata, bar shi, naƙuda ba a yi mata gaggawa.
Albasar Labbo kuwa bana ta yi tsada,
ya zo da sabon babur yana ta danna ƙaho a ƙofar gida.
Na taya shi murna. Na ɗan ji abu a raina, ba zan ɓoye ba.

Na samo tsohon littafin rajista mai layi-layi,
irin wanda na saba cikewa.
Duk ƙarshen wata ina sa tabarau in rubuta:
rana, nauyi,
da rai ko babu.