Alkama, Mu Rabu Lafiya

Shekara goma sha tara ina riga ladan tashi,
hannuna cikin kwaɓinki har gwiwa,
a bakin titin Rumde Ajiya, nan Garwa,
inda masu babur ke karya kumallo da fankena.
Ke kika biya wa Ubaidu kuɗin makaranta.
Ke kika sa wa ɗakina kwano.
Ban manta ba.

Sai ran da matsami ya suɓuce cikin mai,
yatsuna ba su ba ni labari ba.
Ƙafar hagu ta koma ta aro,
tururuwa suka kafa gari a tafinta.
Na dubi gadar Binuwai, na ga biyu.

Aka ce iska ce, aka ce hannu aka sa.
Na sha sassaƙe har ɗaci ya daina mini ɗaci.
Daga nan mota zuwa Ngaundare,
jirgin ƙasa dare guda zuwa Yawunde,
aka zura ni cikin na'ura mai ƙugin injin niƙa.
Likita ta ɗaga wayar caji da ɓera ya gwaguya:
"Kin ga jijiyarki.
Jikinki ne ke cin rigarta,
saƙo ya taso daga ka, ya ɓata a hanya."
Sunan ciwon da Faransanci yake,
har yau harshena na tuntuɓe a kansa.

Na ce, to kumburin cikin fa?
In na ci burodi sai na yini kamar tulu,
kaina cike da hayaƙi.
Ta ɗebi jini tukuna.
Ba ta ɗora miki laifin ƙafata ba, Alkama,
gaskiya ɗaya ce.
Ta ce: "Baƙi biyu ne suka sauka gida ɗaya,
ba lallai 'yan uwa ba ne.
Akwai cikin da ba ya shiri da danƙon alkama.
Ki bar ta wata biyu, ki rubuta abin da kika ji.
Amma magani, kada ki kuskura ki ajiye."

Dijatu ta yago takarda daga littafin lissafinta.
Litinin: tuwon muskuwari, miyar yakuwa. Lafiya.
Talata: kifin Lagdo da rogo. Lafiya.
Laraba: wainar shinkafa. Ciki ya tashi!
Ashe mai wainar tana barbaɗa fulawa don ƙullu ya kama.
Ke kuwa akwai iya ɓuya,
kamar mai bin bashi a bayan ƙyaure.

Ran sunan jikan Goggo Astajam
aka miƙo mini alkaki, na mayar da hannu.
Wata ta ce, ba a hankali ba,
"Mai fanke ta zama Baturiya."
Na yi dariya tare da su.
A gida na yi kukan.

Ga sakamako, ba ƙari:
ciki ya kwanta, hayaƙin ya ragu.
Ƙafar tana nan yadda take.
In zafin Afrilu ya sauko kan Garwa
sai ta ƙi ni ƙememe,
in jiƙa zane in lulluɓa,
in zauna jiran la'asar kamar mai jiran albashi.

Ana miki kirari, bisa dutse Allah kan ba ki ruwa.
Nima yanzu bisa dutsen nake.

Na koma ƙosai, a zaune, kan kujera mai majingini.
Wake ba ya gaba da ni.
Masu babur sun yi gunaguni mako guda, suka saba.
Tsallaken titi wata yarinya ta gaji kaskona,
tana cika yis, ba ta jiran kwaɓi ya tashi.
Da asuba ƙamshinki kan ƙetaro,
ya tsaya kaina kamar tsohuwar ƙawa.
Nakan amsa gaisuwar.
Ba na cewa bismilla.