Kamu Huɗu na Inna

Tagar ɗakin Inna ta yi wata biyu tsirara,
tun ran da Bappa Iro ya zo da mota
ya tafi da ita Ngaundare, wai can ya fi sanyi ga mai hawan jini.
Ta naɗe labulenta ta tafi da shi.
Ni ta bar mini keken ɗinki mai ƙafa,
da mabuɗi, da ranar Garwa
wadda ba ta sallama in za ta shiga ɗaki.

Na kira ta, layi na tsinkewa kamar ruɓaɓɓen zare.
"Inna, tagar nan nawa take ci?"
"Kamu huɗu," ta ce, "har da kalmasa.
Ki sa ido kan almakashin mai kanti."

Ran Asabar na shiga kasuwa,
na taya atamfa mai zanen ganyen gwanda.
Yana Fillanci, ina Hausa,
muka haɗu a jaka uku da rabi.

Na dawo na tarar Sadu ya shafe bango da farar ƙasa,
ya shafe gemunsa, ya shafe rabin akuyar maƙwabta.
Dija na ƙirga maɓallai cikin gwangwanin tumatir,
kullum tana tsayawa a bakwai.

Na shimfiɗa yadi kan tabarma,
daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa:
ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Na yi bisimilla na yanka.

Keken ya yi tari, na ɗiga masa mai,
ya tuna hanya.
Allura ta sha jinina sau biyu,
miya ta kama a tukunya,
wuta ta ɗauke bayan isha'i,
Sadu ya riƙe mini fitilar waya yana gyangyaɗi
har na kai ƙarshen kalmasa.

Da safe muka kafa ƙusa biyu, muka ja waya,
muka rataya.

Taƙi guda ya rage.
Rana ta sunkuya ta shigo ta ƙasa.
Sadu ya ce labulen ya ari wandon ƙaninsa.

Goggo Dudu ta leƙo aron rariya,
ta dubi taga, ta dube ni, ta daɗe.
"Da hannun wa kika auna?"

Sai na zauna.
Inna doguwa ce, mai tsinko mangwaro ba gora,
mai ajiye sukari inda ba ma kaiwa.
Ni mahaifina na ɗauko.
Shekara talatin da biyar hannun nan na kewaye ni,
ban taɓa tambayar tsawonsa ba.

Ƙarƙashin katifarta akwai wani tsohon zane,
baƙi, na saƙi, wanda ta goya mu da shi mu biyar.
Har yanzu da ƙanshin turaren wuta.
Na juya shi, na sake juyawa,
kafin almakashi ya yarda.

Na ɗinka masa taƙi ɗaya a gindi.
Baƙi da kore ba su yi shawara ba,
ɗinkin ma ya ɗan karkace wajen hagu,
amma rana ta zo ta tarar da ƙofa a rufe.

Sai dai wata 'yar huda, inda garwashi ya taɓa ci.
Ta nan, in la'asar ta yi,
haske kamar dala yake faɗowa kan siminti.
Dija ta durƙusa tana son ɗauka,
ta ce shi ne na takwas.

Jiya Inna ta kira. "Ya yi?"
Na ce ya yi.
"Ai na gaya miki, kamu huɗu."
Na ce haka ne, Inna.