Igiyar da ke Tsakanin Jimloli

Jimla uku na rubuta a tabulo
da guntun alli, wata Talata,
a lakwal ɗinmu ta Bagalam mai rufin kwano:

Jar akuya ta faɗa gonar Gonda.
Gyaɗa ba ta yi ba bana.
Gonda ya sayar da kekensa.

Yara sittin da huɗu suka ɗauka baki ɗaya,
ba gargada, ba tuntuɓe,
har ajin Mushe Lawali aka jiyo mu.
Na ce, madalla. To, me ya sa ya sayar da keken?
Tsit.
Sai kurciya a kan bedi tana ta nata karatun.

Ila ya ɗaga hannu: Keken ne ya tsufa.
Na ce, a wane layi ka gani?
Ya ce, na babana ma haka ya yi.

Na ce, ku da kuke zuwa kasuwar dabbobi,
kun taɓa ganin akuya ba igiya a wuya?
Jimla ma haka take.
Bi igiyar, za ka tarar da turke.
Wata a fili take kwance:
saboda, don haka, shi ya sa.
Wata kuwa mai rubutu ya binne ta cikin rairayi,
sai ka durƙusa ka tona da yatsa.

Suka tona.
Akuya ta ci ganye, ganye ya tafi da ƙwaya,
buhu bai cika ba, bakin gida bai ragu ba,
keke ya nufi hannun dillali.

Tsayabu ta ce: Na gane!
Duk abin da ya riga zuwa, shi ne sanadi.
Na ce, zakaran gidanku yana cara, gari ya waye.
Ran da aka yanka shi da Salla,
rana ta fasa fitowa?
Biyo baya daban, haifarwa daban.
Ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya.

Can baya, kusa da ƙofa,
inda masu makara suke durƙuso,
Barira ta ce ƙasa-ƙasa:
Mushe, wa ya kwance akuyar?
Na juya ga tabulo. Ban rubuta ba.
Na ce, wannan takarda ba ta faɗa ba,
kuma abin da ba ta faɗa ba
kada ki ɗora mata.
Amma ki riƙe tambayar, tana da kyau.
Gyara gwiwarki.

Aikin gida: kowa ya kawo jimla uku,
ya ɓoye igiyar, ni zan nemo.

Da dare, bayan lisha,
fitila a kunne, shayi ya huce,
na bi tulin kaye ɗaya bayan ɗaya.
Babur ya ƙare da mai. Tuwo ya ƙone.
Wani ya ci mangwaro ɗanye ya kwana a bayi.
Sai nata, rubutu ƙanana kamar sawun tururuwa:

Famfon layinmu ya mutu.
Bayan Inna yana ciwo.
Mushe ya sa ni durƙuso.

Na daɗe ban juya shafin ba.
Jarka biyu na gani, da layi tun asuba,
da tafiya har Ɗan Gulbi da dawowa,
da ƙararrawa da ba ta jiran kowa.

Na buɗe rajista.
Jan biro sau goma sha ɗaya a gaban sunanta,
duk hannuna ne.
Shekara ashirin ina koyar da me ya sa,
ga shi na karanta yarinya
yadda suka karanta Gonda da safe:
da ƙarfi, ba gargada,
ban tona ko'ina ba.

Laraba ta shigo takwas da rabi,
gefen zanenta a jiƙe,
ta nufi bakin ƙofa da kanta.
Na ce, Barira, benci.
Ila ya ce: Mushe, me ya sa?