Kwalbati ko Tayoyi

Daren Talata a arewacin Minnesota:
mutum biyar, kujeru arba'in,
kofi ya huce a buta.

Lorna ma'aji ta buɗe littafi:
dala dubu tara, ko sisi babu a kai.
Ko gyaran kwalbati,
ko tayoyin motar share ƙanƙara.

Orval ya miƙe, hula a hannu:
"Tun ambaliyar bazara
motar madara ba ta iso gidana ba."
Arlo ya ce hunturu bai san uzuri ba.

Biyu da biyu.
Shugaba ya daɗe yana kallon taga.
Shi da Orval ba sa ga maciji
tun rigimar shinge.

Ya ɗaga wa kwalbati hannu.

Lorna ta rubuta, ta kashe fitila.
A waje dusar farko tana sauka
kan tsofaffin tayoyi.